Zafin Bazara Mai Kisa: Abin Da Maigida Zai Yi

Ya kai maigida, ko a Wurno kake, ko Rabah, ko Goronyo, ka saba da bazara tun kana yaro. Amma in tsofaffi sun ce ta yanzu ta fi ta da tsanani, gaskiya suka faɗa.

A watan Afrilu na 1945 zuwa yau an yi bazara da yawa, to amma ta 2024 ta fita daban. Ran 3 ga Afrilu na shekarar, cikin watan azumi, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A Bamako wani babban asibiti ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Ƙasarsu irin tamu ce, ranarsu irin tamu. Masana da suka bincika sun ce ba don sauyin yanayi ba, da zafin bai kai haka ba. Hayaƙin fetur da kwal da gas shi ke taruwa a sama, ya rufe duniya kamar bargo, zafi ya shiga ya kasa fita. Kasonmu cikin wannan hayaƙi kaɗan ne, amma mu ke kwana cikin zafin.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dare. Jiki yana hutawa ne in dare ya yi sanyi. Ɗakin kwano kuwa yana riƙe zafi har asuba, a ciki kuma tsohuwa da jariri da mai ciki suke yini. Ka fito da su inuwa da rana, da dare su kwana a tsakar gida cikin gidan sauro. Randa kada ta bushe. A sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Fitsari in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi kaɗan. Jariri da bai kai wata shida ba, nono za a ƙara masa, ba ruwa ba. Aikin albasa ko shinkafa a fadamar Rima, a yi shi da sassafe da la'asar. Marar lafiya mai azumi ya tambayi malam, akwai rangwame.

Mai jiri da ciwon kai da zufa mai yawa, a kwantar da shi a inuwa. A zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa.

In kuwa jikinsa ya ɗau zafi rau, yana sambatu, ko ya suma, ba iskoki ba ne, kada a tsaya hayaƙi. A tuɓe masa riga, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita. Wanda ya suma ba a ɗura masa kome a baki. A ɗauko shi zuwa ɗakin magani nan da nan, a rufe shi da jiƙaƙƙen zane, ana ƙara jiƙawa a hanya. In wuyansa ya sanƙare, ku faɗa mana tun daga ƙofa, don lokacin sanƙarau ne kuma.