Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa A Abuja: Sai Da Izini, Sai Da Hanyar Fita

Duk wanda ya zaga Maitama ko Asokoro ko Katampe zai ga gidaje da yawa a kan gangaren dutse. Daga bakin titi gida ne kamar kowane, amma in an zaga baya sai a tarar da wani ɗaki a ƙasa, rabinsa a binne. Galibi an yi shi ne don ajiye mota ko kaya. Yanzu da haya ta yi tsada, waɗansu masu gida su kan yi masa filasta da fenti, su sa maigadi ko yaran gida a ciki, ko kuwa su ba da shi haya.

To, Abuja ba gari ba ne da kowa ke gini yadda ya ga dama. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ce ta kafa shi da Doka ta 6 ta ran 3 ga Fabrairu 1976, aka gama tsarin birnin a 1979, gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991. Sashen Kula da Gine-gine na birnin shi ke duba zanen gida kafin a sa tubali. Mai son fasa bango, ko ƙara banɗaki, ko mayar da ɗakin ajiya wurin kwana, sai ya koma da sabon zane a amince masa. Waɗanda suka ga rusau na zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, sun san abin da gini ba izini ke jawowa. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006, wanda ya taɓa ƙarfin gini da iska da haske da kariya daga gobara.

Babban abokin gaban irin wannan ɗaki shi ne ruwa. Daminar Abuja ta kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Bangon da ke jingine da ƙasa sai an yi shi da kankare da rodi, an shafe bayansa da abin da ke hana danshi, an kuma binne bututu a gindinsa don ruwa ya sami hanya. Fenti daga ciki ba ya maganin wannan. In kuwa banɗakin ya fi lambatun titi zurfi, ƙazanta ba za ta fita da kanta ba sai da famfon tura ta. Mutanen Lokogoma da na rukunin gidajen Trademore a Lugbe, inda ambaliya ta yi ɓarna a Yuni 2023, sun san yadda ruwa ke cika gida cikin ɗan lokaci.

Na biyu, iska da hanyar fita. Ɗakin da ba shi da taga ba wurin kwana ba ne. Hayaƙin janareto da na gawayi ya kan kashe mutum cikin barci, saboda haka kada a kunna su a can. A Amurka ƙa'ida ta ce tsayin ɗakin kada ya gaza ƙafa 7, kuma a bar tagar da mutum zai iya fita ta ciki in matakala ta toshe. Duk da haka a Satumba 2021 mutum 11 suka mutu a birnin New York sa'ad da ruwa ya cika irin waɗannan ɗakuna, yawancinsu an mayar da su wurin kwana ba izini.

Na uku, ginshiƙi. Nauyin gidan duka a kansa ya ke. Birkila ba shi da ikon sare shi don ɗaki ya yi faɗi. Wannan magana ce ta injiniya mai rajista. Haka wayar lantarki, a ɗaga ta sama da inda ruwa zai iya kaiwa.

Mai neman haya kuwa, kafin ya biya kuɗi, ya dubi gindin bango ko akwai alamar danshi, ya ƙirga ƙofofi, ya nemi ganin takardar izini. Mai gida shi ma ya tuna, wanda ke kwana a ƙasa amana ne a hannunsa.