Kafin Ku Zargi Kamfani, Ku Duba Inda Kuka Ajiye Modem

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a wani gidan haya da ke bayan jami'armu. Mun haɗa kuɗi mun sayi modem da datar wata guda, muna ta murna. A daren da za a rufe rajistar kwasa-kwasai, shafin ya yi ta juyawa har ƙarfe sha biyu ta wuce. Washegari sai da muka biya tarar makara. Mun zagi kamfanin layi son ranmu, ashe laifin na ɗakinmu ne: rufin kwano, bangon siminti, modem kuma yana ƙasa gefen katifa.

Ku da za ku duba sakamakon WAEC ko ku yi atisayen JAMB a intanet, kada irin wannan ta same ku.

Modem da ƙarfen sabis suna magana ne ta igiyar rediyo. Kwano yana tare ta, bango yana rage mata ƙarfi. A Najeriya, 4G yana tafiya a zangon 800, 1800 da 2600 MHz, kuma mai ƙaramar lamba ya fi cin nisa da ratsa gini.

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. A jikin modem, galibi ta ƙasa, akwai adireshin shafinsa, kamar 192.168.8.1. Ku buɗe shi a waya, ku nemi lambar da ake kira RSRP. Kada ku dogara da sandunan sabis, lambar ta fi su faɗin gaskiya. Idan tana wajen -80, sabis yana da kyau. Idan ta kai -110, ya yi rauni. Ku ɗora modem a kowace taga, ku jira minti ɗaya, ku rubuta lambar. Sau da yawa canjin wuri kaɗai yana wadatarwa.

In bai wadatar ba, sai a nemi eriya. Iri biyu ce. Akwai mai kamawa ta kowane gefe, wadda ta dace da cikin gari inda ƙarafan sabis suke da yawa. Akwai kuma mai fuska ɗaya, irin su Yagi mai kama da ƙashin kifi, wadda wasu masana biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Ita ce ta mutanen ƙauye da bayan gari, domin tana jawo sabis daga nesa, amma dole a saita ta daidai inda ƙarfen yake.

Kafin ku biya kuɗi, ku tafi da modem ɗinku kasuwa. Wani ba shi da kafar eriya sam. Masu ita kuma, wasu TS9 ne, wasu SMA, kuma bakinsu ba ɗaya ba ne. In kafa biyu kuka gani, ku sayi eriya mai waya biyu, domin 4G ya fi gudu da su. Ku kuma tabbatar kwalin ya nuna zangon da layinku yake amfani da shi.

Wurin kafawa, a ɗaga ta sama da kwano, nesa da tankin ruwa da manyan bishiyoyi. Mutum ɗaya yana juya ta kaɗan-kaɗan, ɗaya yana karanto lamba daga ƙasa. Wayar ta zama gajera mai kauri, domin doguwa siririya tana cinye ribar da eriya ta samo.

Kada ku hau rufi ba tare da babba ba. Ku nisanci wayoyin wutar lantarki, kuma in hadari ya taso da damina, ku zare wayar eriya daga modem saboda tsawa.

Mu dai da muka ɗaure tamu a kan dogon gora, lambarmu ta tashi daga -112 zuwa -91. Rajistar zangon karatu na biyu, kafin shayinmu ya huce muka gama ta.