Iyafis Mai Awon Kunne: A Duba Kafin A Zuba Kuɗi

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

Duk wanda ya bi ta wajen Fost Ofis ko Kasuwar Monday a nan Maiduguri zai ga samari da 'yan mata, da masu tuƙa Keke Napep, har da dattawa, kowa da igiya ta fito daga aljihu ta shige kunne. Wani karatun Alƙur'ani yake saurare, wanda garin Yerwa ya yi suna da shi tun kaka da kakanni, wani labarun BBC ko na Dandal Kura, wani kuwa Shata ko Ɗan Maraya ko mawaƙan zamani. Tun da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ƙaramar rikodar nan ta aljihu mai suna Walkman a 1979, kiɗa ya bar tsakar gida ya koma cikin kunnen mutum ɗaya. Yau wayar hannu ce ta gaji rikoda, abin da ake cusawa a kunne kuma jama'a suna kiransa iyafis.

To, akwai wani irin iyafis da ba a samunsa a kan teburin mai kayan waya, watau wanda ake yi wa mutum awon kunnensa, a ƙera shi daidai da shi, kamar yadda tela yake awon riga. 'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal sun fi mu ganinsa a kunnen mawaƙa da makaɗan wajen taro, kuma su ne masu sayen tsaraba idan za su zo gida. Shi ya sa muka ga ya kamata a yi bayaninsa.

Asalinsa kayan aikin makaɗa ne. A 1995 wani Ba'amurke mai kula da sauti, Jerry Harvey, ya haɗa irinsa domin Alex Van Halen, mai kaɗa ganguna a wata ƙungiyar mawaƙa, wanda ƙarar dandali ta hana shi jin 'yan'uwansa. Ba shi ne ya fara ba, amma nasa ya yi tashe, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya kafu. Daga baya masu sha'awar kiɗa suka shiga saye domin sauraron kansu.

Ga yadda ake awon. Ramin kunnen babban mutum kimanin santimita 2 da rabi ne, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu kafin a kai ga dodon kunne. Ma'aikacin ji na asibiti zai fara haska ciki ya duba, sa'an nan ya tura ɗan guntun soso mai zare ya zama shinge, domin kada wani abu ya taɓa dodon kunne. Bayan haka sai ya ɗura wata roba mai laushi kamar ƙullu, a jira 'yan mintoci ta daskare, a zaro. Galibi akan ba mutum wani ɗan abu ya ciza domin bakinsa ya zauna a buɗe, saboda motsin muƙamuƙi yana canza faɗin ramin. In mai karatu yana shakka, ya sa ɗan yatsa a kunne ya yi hamma, zai ji da kansa. Wannan samfur shi ake aika wa kamfani, su ɗauki hotonsa da kwamfuta, su zuba kwanson, su dasa ƙananan lasifikoki a ciki, irin waɗanda aka fara amfani da su a na'urar taimakon ji.

Mutane da yawa suna zaton amfaninsa shi ne ya ƙara ƙara. A'a, amfaninsa shi ne ya ba ka damar ragewa. Da yake ya toshe ramin ruf, yana tare hayaniyar waje da kimanin desibal 25, watau ma'aunin ƙarfin sauti. Wanda ya zauna a Maiduguri a 2021, lokacin da aka kakkarya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu garin ya shafe watanni a duhu, ya san abin da janareta yake yi wa kunne. Kowane shago da nasa, ga ƙahon Keke Napep da ya cika titi bayan hana babura a 2011, ga injin niƙa, ga masu walda. A cikin irin wannan, mai iyafis ɗin da bai zauna a kunne ba dole ya ƙure wayarsa kafin ya ji abin da ake faɗa. Haka abin yake a Agege ko Mile 12, ko cikin motar da za ta kwana ta wuni daga Ikko zuwa Barno.

A nan haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibal 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai 90, awa 4 kaɗai ya rage masa a makon. Hirar yau da kullum wajen 60 take, wayar da aka ƙure kuwa tana iya wuce 100. A 2015 hukumar ta ƙiyasta matasa biliyan 1.1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji ta wannan hanya. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani wuri mai kama da dodon koɗi, cikinsa da ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000, su ne suke mai da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake fitowa. Ba ya zafi, ba ya jini, sai dai mutum ya cire iyafis da dare ya ji kunne yana masa ƙugi, bayan wasu shekaru kuma ya fara cewa mutane ba sa ɗaga murya.

Akwai kuma magana guda da ta shafi mutanen Barno fiye da kowa. Shekarun tashin bama-bamai sun bar mutane da fasasshen dodon kunne, wasu sun warke, wasu suna yawo da shi ba su sani ba, kuma da yawa daga cikinsu yanzu suna Kurmi suna neman abinci. Haka nan wanda ya yi fama da kunne mai zubar ruwa tun yana yaro. Irin waɗannan, ɗura musu roba ba tare da likita ya duba ba ganganci ne, domin tana iya wucewa ciki, sai an yi aiki kafin a fitar. Har kayan awo na yi-da-kanka ake sayarwa ta intanet. Ni dai ban ga hikimar mutum ya ɗura wa ramin da ba ya gani abu ba. Wurin zuwa shi ne sashen kunne da hanci da maƙogwaro: a nan akwai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a 1999, mazauna Ikko suna da LUTH a Idi-Araba, na Badun kuma UCH. Ko mutum ya fasa sayen, ya dai san halin da kunnensa yake ciki.

Sai batun kuɗi. Manyan masu ƙera shi, irin su Ultimate Ears da JH Audio da 64 Audio, a Amurka suke, farashi kuma yakan tashi har ya wuce dala 2,000, ban da kuɗin awo da na aikawa. Mai karatu ya buga da Naira ya gani. Idan ya zo bai zauna daidai ba, sai an mayar an gyara, wa'adin gyaran kyauta kuwa gajere ne, hanya kaɗai tana iya cinye shi. Ba a sayar da shi hannu na biyu yadda ake sayar da waya, ba a ba aboki aro, kuma al'adar nan tamu ta mutum biyu su raba iyafis, kowa da kunne guda, ta ƙare. Tsarabarsa ma ba ta yiwuwa sai mai kunnen ya je an auna shi. Kada a yi wa yaro, domin kunnensa bai gama girma ba, babba ma idan ya rame ƙwarai ko ya yi ƙiba, zaman abin yakan canza.

Wanda ya ji ya gani, ya lura da abu biyu. Ya zaɓi mai igiyar da ake cirewa, domin igiya ce take fara mutuwa, kuma ya duba ko wayarsa tana da ramin iyafis, tun da Apple ya cire nasa a 2016 wasu suka bi sahu. Yawan lasifikokin ciki da ake talla da shi, takwas ne ko goma sha biyu, ba shi ne daɗin sauti ba. Ga mai wa'azi da labarai, guda ɗaya mai kyau ya wadatar.

A ganina, mafi yawanmu ba ma bukatarsa. Iyafis na kasuwa mai bakin roba yakan zo da baki uku, ƙarami da matsakaici da babba, amma mutane suna jefar da biyun tare da kwali. A gwada duka, kowane kunne daban, domin dama da hagu ba lalle su zo ɗaya ba. Wanda ya zauna har ka ji muryarka ta canza a cikin kanka, shi ne naka, kuma zai tare hayaniya ƙwarai. Mai awon kunne na makaɗi ne, da mai kula da sauti, da ma'aikacin rediyo, da wanda kunnensa ya ƙi karɓar kowane baki.

Ko wanne aka saya, toshewar da take kare kunne ita ce take hana jin ƙaho. Ɗan acaba da mai Keke da mai gadin dare da mai tsallaka titi a Oshodi, kunnensu kayan aiki ne, su bari sai sun sauka. Mutumin Maiduguri ba sai an gaya masa amfanin jin motsi daga nesa ba.

Ga wanda zai zo da nasa gida, ƙurar hunturu tana haɗuwa da dauɗar kunne ta toshe ɗan ramin da sauti yake fita, zafin Afrilu da yake wuce digiri 40 kuma yana jiƙa shi da gumi. A goge shi da busasshen ƙyalle kowane dare, a share ramin da ɗan tsinken da yake zuwa da shi, a ajiye cikin akwatinsa, kada a bar shi a gaban mota cikin rana.