Ma'adana Mai Ɗorewa da Matsalolinta ga Cibiyar Manhajar Kwamfuta

Sanannen abu ne ga masu aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa a ma'aikatun Abuja cewa idan na'ura ta cije, maganin farko shi ne a kashe ta a sake kunnawa. Dalili kuwa shi ne, ma'adanar wucin-gadi, wato RAM, takan mance da duk abin da ke cikinta da zarar wuta ta ɗauke, kuskure da daidai baki ɗaya. Wannan maƙala za ta dubi wata ma'adana wadda wannan magani ba ya ci a kanta.

A shekarar 2019 kamfanin Intel ya fitar da Optane, ma'adanar da ake sokawa a gurbin RAM, amma ba ta mantuwa ko an yanke mata wuta. A gari irin Abuja, inda cibiyoyin adana bayanai kamar ta Galaxy Backbone, kamfanin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2006, ba su rabuwa da janareto da batura, amfanin wannan a fili yake. Sai dai ta ɗora sabon nauyi a kan cibiyar babbar manhaja, wato ɓangaren da ke raba wa sauran manhajoji wuri a ma'adana.

Matsala mafi wuyar ganewa tana tasowa ne daga 'yar taskar da ke cikin masarrafa. Abin da manhaja ta rubuta yakan ɗan zauna a wannan taska kafin ya isa ma'adana, ita kuwa taskar mai mantuwa ce. Abin da aka lamunce zai isa gaba ɗaya ko ya faɗi gaba ɗaya bayit 8 ne kacal. Don haka idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyara bayanin albashin wani ma'aikaci, sai a tarar da rabinsa sabo, rabinsa tsoho, kuma haka zai zauna. Tun 2015 manhajar Linux ta zo da tsarin DAX, wanda ke barin manhajoji su taɓa ma'adanar kai tsaye. An sami sauri, amma ya zama wajibin mai rubuta manhaja ya tura bayanin da kansa ta hanyar umarni irin CLWB. Wanda ya yi sakaci ba zai ga illar ba sai ranar da wuta ta yanke.

Haka nan idan wani gurbi ya lalace, na'ura takan yi masa alamar da masana ke kira guba. Duk manhajar da ta karanta wurin, cibiya za ta tsayar da ita, kuma ko an sake kunnawa sau goma gubar tana nan. Mai gyara zai nemi jerin guraben da suka lalace da manhajar ndctl, ya share alamar, sannan ya maido da bayanin daga kwafin ajiya.

Akwai kuma ƙaramin ruɗani na lissafi. Linux tana ware bayit 64 don lura da kowane shafi mai bayit 4096, wato terabayit 1 na cinye gigabayit 16. Injiniya kan ga RAM ta ragu ya zaci wata manhaja ce ke zubar da ita, alhali wannan rajista ce, kuma ana iya mayar da ita cikin ma'adanar mai ɗorewa. A watan Yuli na 2022 Intel ya sanar da janye hannu daga Optane, don haka mai irin wannan na'ura zai ƙara da neman kayan canji a kasuwar tsofaffin kaya.