Kwangilar Fenti: Lissafi, Takardu da Abin da Doka Ta Ce

Nan da 'yan watanni mu 'yan ajin ƙarshe za mu ajiye biro. Wanda ke son dawowa HND sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, kuma kowa ya san wuraren da ke ɗaukar ɗalibi su riƙa biyansa ba su da yawa. Shi ya sa idan hira ta yi nisa a ɗakin kwana, sai ka ji an koma maganar sana'a, kuma fenti na cikin waɗanda ake yawan ambata. Dalili a fili yake: ba ya buƙatar shago ko injin miliyoyi, ga gine-gine ana ta yi ko'ina a bayan gari.

To amma fa akwai bambanci tsakanin mai fenti da ɗan kwangilar fenti. Mai fenti ana biyansa ladan yini ko na jinga, ya wanke burushinsa ya tafi gida. Ɗan kwangila kuwa shi ne ya yanka kuɗi, shi zai sayo kaya, shi zai biya yara, kuma idan bango ya ɓare bayan wata biyu shi za a kira. Abin da ya raba su ba ƙarfin hannu ba ne, lissafi ne da takardu.

Shin akwai lasisin fenti?

A wasu ƙasashe akwai. A jihar Kalifoniya ta Amurka, misali, akwai rukunin lasisi na musamman na 'yan kwangilar fenti, kuma sai mutum ya ci jarrabawa ake ba shi. A Najeriya babu irin wannan. Injiniya yana da COREN, ƙwararren magini yana da CORBON, amma mai fenti ba wanda zai tare shi ya ce ina lasisinka. Wannan ne ya sa shiga sana'ar ke da sauƙi, shi ne kuma ya sa kowa da kowa ke cikinta, gwani da ɗan koyo, har mai gida ya rasa wanda zai yarda da shi.

Abin da ake da shi shi ne takardun shaidar ƙwarewa. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai takardar NABTEB a fannin fenti da ƙawata gini. Akwai kuma tsarin NSQ da ke ƙarƙashin NBTE, wato hukumar nan da ke Kaduna mai kula da makarantunmu na kimiyya da fasaha. Alhajin da zai ba ka fentin shagonsa ba zai tambaye ka ko ɗaya ba. Amma ranar da babban kamfanin gini zai ɗauki ƙananan 'yan kwangila, ko ka nemi aiki a ƙasar waje, a nan za ka ga ranarsu.

Rajista da haraji

Mataki na farko shi ne CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Hanya biyu ce. Ta farko rajistar sunan kasuwanci: ta fi araha, ta fi sauri, amma a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, idan bashi ya hau kasuwancin to kai ya hau, har babur ɗinka bai tsira ba. Ta biyu kamfani mai cin gashin kansa, wanda ake rubuta Ltd a ƙarshen sunansa. Tun da aka yi dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tak zai iya kafa ƙaramin kamfani, ba sai ya aro sunan ƙaninsa ko matarsa ba kamar da. Ko wacce ka zaɓa, akwai bayanan shekara-shekara da ake shigarwa. Mutane da yawa suna karɓar satifiket su jefa a durowa, sai ranar da aiki ya taso su tarar tara ta taru.

Bayan rajista sai lambar haraji, wato TIN, sai asusun banki da sunan kasuwancin. Kada ka raina wannan asusu. Makaranta mai zaman kanta, asibiti ko ƙungiyar agaji ba za su tura kuɗin aiki cikin asusunka na kanka ba, domin su ma akwai mai binciken littafinsu. Mai sunan kasuwanci harajinsa na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne, kamfani kuwa na tarayya. Harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, kodayake doka ta ɗauke wa ƙananan 'yan kasuwa nauyin karɓarsa. Sannan idan ka yi wa ma'aikata ko babban kamfani aiki, sukan zaftare wani kaso tun daga tushe su miƙa wa gwamnati da sunanka. Wannan kuɗi ba ɓata ya yi ba, amma sai ka bi ka karɓi shaidar cirewar kafin a lissafa maka shi cikin harajinka.

Aikin gwamnati shi ne mai dogon layin takardu. A matakin tarayya dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ce ke aiki, hukumar BPP ke kula da ita. Duba kowace sanarwar neman 'yan kwangila a jarida, za ka ga kusan jeri ɗaya ne: takardar CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, shaidar PenCom ta fanshon ma'aikata, ta ITF, ta NSITF, rajista a kundin BPP, da shaidar ayyukan da ka taɓa yi. Jihohi ma kowace da nata ofishin rajistar 'yan kwangila. A nan ne amsar wata tambaya take: me ya sa wanda bai taɓa riƙe rola ba yake cin kwangilar fentin azuzuwa, sannan ya kira gwanin unguwa ya ba shi abin da bai taka kara ya karya ba? Ba koyaushe ne sanayya ba. Sau da yawa shi ne mai fayil, gwanin kuwa ko TIN ba shi da ita. Kuma shaidar shekara uku ba a haɗa ta cikin mako guda, sai wanda ya fara da wuri.

Yadda ake yanka kuɗi

Galibin masu fenti da ido suke ƙiyasi. Mutum ya zagaya gida, ya ɗaga kai ya kalli silin, ya ce, "Oga, kawo kaza." Mu da muka zauna a aji aka koya mana awo, ai bai kamata mu yi haka ba. Tef da kalkuleta sun wadatar.

Ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wato kusan mita 3.6, tsawon bango mita 3. Kewayen ɗakin mita 14.4 ne, ka ninka da 3, ka sami murabba'in mita 43.2. Cire ƙofa da taga, ya rage kusan 40. Za a shafa sau biyu, ya zama 80. Idan lita ɗaya na cin murabba'in mita 10, kamar yadda fentin ruwa mai kyau kan yi a bango mai santsi, to lita 8 kake buƙata, galan biyu ke nan masu lita huɗu-huɗu. Silin kuma wajen murabba'in mita 13 ne, ka ƙara masa kusan lita 3. Kowane kamfani yana rubuta adadin da fentinsa ke ci a jikin bokiti, ka karanta. Ka kuma sani sabuwar filasta shan fenti take kamar rairayi, fenti mai yashi na waje kuwa ko kusa ba ya yaɗuwa kamar na ruwa.

Fentin kansa ba shi ne ke cinye ribar ɗan kwangila ba, abubuwan da ya manta bai rubuta ba ne. Kankare tsohon fenti, cike tsaga, sikiridin, shafin farko na share fage, samfefa, tina ko kananzir na fentin mai, ledar rufe tayil, hayar tsani ko sikafol idan bene ne, kuɗin a-daidaita-sahu daga Ƙofar Ruwa zuwa wurin aiki, abincin yara. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, idan suka haɗu sai ka ga ka yi wa mai gida aikin sa kai.

Sai babbar matsalar wannan zamani, tashin farashi. Yawancin sinadaran da ake haɗa fenti da su daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsa bin dala yake. Tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a tsakiyar 2023, kowa ya ga yadda kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Mu ƙaddara ka karɓi aikin naira 1,000,000: kaya 600,000, ladan ma'aikata 200,000, sufuri da haya 70,000, ribarka 130,000. Mai gida ya yi wata biyu bai ba da kuɗi ba, kaya suka tashi da kashi 20 cikin ɗari. An ƙara maka 120,000 ke nan, ribarka ta koma 10,000. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya ƙara ruwa a bokiti, ko ya sayo jabu ya juye a bokitin Dulux ko Berger. Aikin zai yi kyau ranar miƙa makulli, bayan damina ɗaya sai ya fara gari yana bin rigar mutane. Kuɗin ka ci, amma sunanka ya mutu a layin, kuma wannan sana'a da baki take yawo.

Maganin abin guda uku ne. Ka rubuta a takardar ƙiyasinka cewa farashin na kwana bakwai ne ko goma sha huɗu. Ka karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen kaya gaba ɗaya, ka saye su a ranar. Ko kuma ka raba ƙiyasin biyu, kaya daban kuɗin hannu daban, mai gida ya sayo da kansa idan ya so. Wannan ta ƙarshen ribarta kaɗan ce, amma ga mai farawa ta fi kwanciyar hankali.

A rubuta, a sa hannu

"Haba, ai mun zama ɗaya, sai mun yi wata takarda?" Da wannan magana rigima da yawa ta fara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, saboda haka ba rashin yarda ba ne. Takarda ɗaya ta isa: ɗakuna nawa, ciki ne ko har da waje da katanga, wane kamfani, wane launi da lambarsa, sau nawa za a shafa, yadda za a biya, da ranar gamawa. Lambar launi na da muhimmanci, don abin da Hajiya ke nufi da "ruwan madara" ba lallai ne shi kake nufi ba. Ka ƙara da cewa duk aikin da aka ƙaro daga baya kuɗinsa daban. A manyan ayyuka kuma akan riƙe kashi 5 cikin ɗari na kusan wata shida, sai an ga aikin bai ba da matsala ba, to ka sa wannan a lissafinka.

Akwai abin da ya kamata ka faɗa tun kafin ka buɗe bokiti. Sabuwar filasta na son kamar mako huɗu ta bushe. Bangon da ke tsotsar danshi daga ƙasa, ko wanda gishiri ke fito masa, ko wane irin fenti ka sa sai ya kumbura. Fentin mai a tsakiyar ƙurar hunturu kuwa kwashe ƙura yake. Idan mai gida ya matsa saboda biki ya ƙarato, ka rubuta cewa ka gaya masa. Idan ka yi shiru ka karɓi kuɗi, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Lafiyar yara da ta masu gida

Wanda ya faɗo daga sikafol yana yi maka aiki, nauyinsa a wuyanka yake. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun NSITF saboda irin wannan rana. Ko ba ka kai nan ba tukuna, tsani mai ƙwari, takunkumin hanci da buɗe tagogi lokacin aiki da tina ba su da tsada. Tina na kama wuta, kada a ajiye ta kusa da janareta.

Sai gubar dalma. Mu a Arewa mun san ta, domin a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, sanadiyyar sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ana samun dalma a wasu fentin, musamman na mai masu launin rawaya, ja da ruwan lemo. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ba ƙasashe shawarar kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Idan fentin ya tsufa ya zama gari, yaro mai rarrafe ne ke kai shi baki, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Saboda haka ka sayi fenti mai sunan kamfani da adireshi da tambarin hukumar SON, ka guji na haɗin bayan gida marar suna, musamman a aikin makaranta, asibiti ko ɗakin yara. Idan za ka kankare tsohon fentin mai, ka jiƙa bangon, a fitar da yara, a share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

Daga ina za a fara?

Kada ka fara da buga kati mai ɗauke da "Manajan Darakta". Ka bi wani gwani na wata shida ko shekara, ka iya riƙe burushi, ka san yadda ake yanke layi tsakanin bango da silin, domin yaran da za ka ɗauka gobe ba sa jin maganar ogan da bai iya ba. Kana cikin haka ka yi rajistar sunan kasuwanci, ka buɗe asusu, ka fara shigar da bayanan haraji ko cinikin kaɗan ne. Kowane aiki ka ɗauki hotonsa kafin da bayan gamawa, ka roƙi mai shi ya rubuta maka 'yar takardar shaida. 'Yan uwa mata ma ƙofar a buɗe take, musamman ɓangaren zaɓen launi da ƙawata cikin gida, inda matan aure suka fi sakewa da mace 'yar uwarsu. Bayan shekara uku, duk takardar da sanarwar kwangila ta nema za a same ta a fayil ɗinka. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita a sa'a.