Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon motsi: binciken Farfesa Wolpert

Matan da ke lugude a turmi guda a Rabah, da manomin da ke kai fartanya daidai gindin albasa a fadamar Wurno, da masuncin da ke tsaye cikin kwale-kwale a madatsar ruwa ta Goronyo, duk suna yin wani aiki da injiniyoyi ke shan wahalar koya wa na'ura.

Wannan aikin shi ne sarrafa motsin jiki, kuma a kansa ne Farfesa Daniel Wolpert, wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, ya shafe fiye da shekaru 30 yana bincike.

An haife shi a 1963. Ya yi karatun likita a jami'o'in Cambridge da Oxford, ya samu digirin digirgir a 1992, kana ya ƙara ƙwarewa a cibiyar MIT ta Amurka. Ya yi aiki a Cibiyar Nazarin Cututtukan Jijiyoyi ta Landan, ya zama farfesa a sashen injiniya na Cambridge a 2005, sannan ya koma Jami'ar Columbia da ke New York a 2018.

Ra'ayinsa shi ne babban aikin ƙwaƙwalwa samar da motsi ne, domin magana da rubutu da tauna abinci duk ta hanyar tsoka suke fita.

Hasashe kafin aiki

Saƙon da ido da fata ke aikawa ƙwaƙwalwa yana ɗan jinkiri, kuma ba ya isa a tace sarai. Da a ce mace za ta jira ta ga inda taɓaryar abokiyar dakanta ta sauka kafin ta ɗaga tata, da lugude bai yiwu ba.

A cewar binciken, ƙwaƙwalwa kan ajiye kwafin umarnin da ta aika wa tsoka, ta yi hasashen abin da zai biyo baya, sannan ta gwada shi da abin da ya auku. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne kuskure, kuma da shi take gyara yunƙuri na gaba. Koyon tafiya da saƙa da tuƙin babur duk a kan wannan suka dogara.

A 1998 Farfesa Wolpert da abokan aikinsa Sarah-Jayne Blakemore da Chris Frith suka bayyana dalilin da ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. Sun nuna cewa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya tana da hannu wajen hasashen taɓawar, shi ya sa jin ta ke raguwa. Da aka sa na'ura ta ɗan jinkirta taɓawar, sai mutanen suka ƙara jin cakulkulin.

A 2003 kuma wani gwaji ya sa mutane biyu suna danna yatsun juna bi da bi, aka ce kowa ya rama daidai ƙarfin da ya ji. Sai ƙarfin ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin 100 a kowane zagaye, domin kowa yana raina ƙarfin hannunsa. Masu binciken sun ce mai yiwuwa shi ya sa yara biyu da ke faɗa kowane ke rantsuwa cewa ɗayan ne ya fi dukansa.

Shanyewar ɓarin jiki

Muhimmancin wannan fanni ya fi fitowa ga masu fama da shanyewar ɓarin jiki, cutar da ke aukuwa idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa.

A ƙauyuka da dama ana danganta ta da iska ko sammu. Amma binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban musabbabinta.

A farkon cutar tsokar hannun da ya shanye lafiyarta lau; hanyar umarni ce ta lalace. Likitoci sun ce mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne cikin watanni uku na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin sake tsara kanta.

Tunda kuwa ƙwaƙwalwa da kuskure take koyo, hannun da aka bari a rataye ba ya ba ta abin da za ta gyara. Shi ya sa masu gashin ƙashi ke sa majinyaci ya yi ta maimaita aikin yau da kullum, kamar ɗaukar moɗa ko jan carbi, maimakon iyali su riƙa yi masa komai saboda tausayi.

Ga mazauna gabashin Sakkwato, ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa sun fi yawa ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke birnin Sakkwato, kuma nisa da kuɗin mota kan sa a makara.

Likitoci dai na shawartar duk wanda bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya mutu, ko harshensa ya sarƙe farat ɗaya, da a garzaya da shi asibiti nan take, sannan manya su riƙa auna jininsu tun kafin a kai ga haka.