Kukan aksil a Danchuwa: abin da ya kamata a bincika kafin a sa hannu a takardar gyara

Duk ranar Laraba, idan kasuwar shanu ta Potiskum ta ci, tireloli ne ke jeruwa suna lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Garin ya yi suna da harkar manyan motoci, kuma titin Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilar mayar da shi tagwaye a 2006, ta nan ya ratsa. Sai dai wahalar ƙarfe ba a kan kwalta ta fi tsanani ba. Ana ganinta ne idan aka sauka zuwa garuruwan karkara irin su Danchuwa, inda tifa da gireda da katafila ke fama da yashi a rani, da taɓo a damina. Can ne aksil ke fara kuka, a Abuja kuma ake sa hannu a takardar biyan kuɗin gyaransa. Tsakanin kukan da sa hannun akwai bincike, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

A tsakiyar aksil na baya akwai wata tukunyar ƙarfe cike da man giya. Ƙaramin dunƙule mai haƙora yana karɓar juyi daga farfela ya miƙa wa babban faifai, wasu ƙananan haƙora kuma su raba ƙarfin tsakanin tayar dama da ta hagu, domin a kwana ta waje ta fi ta ciki tafiya mai nisa. Kowane ɓangare da irin kukansa. Idan ƙara mai kama da fito tana tashi lokacin da direba ya taka totur, ta lafa da ya ɗaga ƙafa, zargi yakan faɗa kan haɗuwar haƙoran dunƙulen da faifan. Idan sai an saki totur take fitowa, a duba boris ɗin dunƙulen, mai yiwuwa ya yi sako-sako. Gurnanin da ke sauyawa idan an karkata sitiyari yawanci na boris ɗin taya ne, gyaran da bai kai ko kusa da kuɗin sauya tukunya ba. Ƙaras-ƙaras a kwana kaɗai na ƙananan haƙoran ne. Ƙwanƙwasa ɗaya tak idan mota za ta tashi kuwa, sau da yawa daga mahaɗin farfela take.

Kunne yana nuna hanya ne kawai, mai shi ne ke ba da shaida. Murfin da ake kwancewa a tsiyaye man yana da maganaɗisu a yawancin manyan motoci. Laushin toka-toka a jikinsa cin ƙarfe ne na yau da kullum. Gutsattsari masu kaifi da yatsa ke ji alama ce cewa haƙori ko boris ya fara farfashewa. Man da ya koma kamar madara ruwa ya sha, abin da ke faruwa bayan an ƙetare rafi da aksil mai zafi. Wanda ya yi baƙi yana ƙauri ya ƙone. Akwai kuma wata 'yar kafar shan iska a saman aksil da ƙurar hunturu ke toshewa. Idan ta toshe, iskar ciki ta kumbura da zafi, sai ta tura mai ta bakin sil. Makaniki mai gaggawa zai sauya sil sau uku, yoyo bai tsaya ba, alhali wanke kafar ne maganin.

A katafila da injin haƙa ƙasa, kowane gefe yana da nasa akwatin haƙora na ƙarshe da ke juya sarƙa, da nasa man. Wannan ya sauƙaƙa bincike, domin ana gwada gefe da gefe: wanne ya fi zafi bayan aiki, man wanne ya ragu. Idan injin haƙa yana jan gefe ɗaya, ba lallai akwatin ne ya lalace ba. Sarƙar da ta fi 'yar'uwarta tauri, ko raguwar matsin man haidurolik, duk suna kawo hakan. Sayen sabon akwati kafin a auna matsin, a ganina, caca ce da kuɗin jama'a.

Me ke kashe aksil tun kwanansa bai ƙare ba? Mantawa da makullin tukunya a kulle bayan an fito daga yashi an hau kwalta, haɗa tayoyi masu bambancin girma a aksil biyu na baya, da zuba man da ba nasa ba. Uwa uba lodi. Ƙa'idar ECOWAS ta tsayar da tan 11.5 ga aksil guda mai jan mota, kuma gwajin titi da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ninka nauyin aksil sau biyu yana ninka ɓarnar titi kusan sau 16. Lodin da ya karya shaf ɗin tirela shi ne ke cin kwaltar da ma'aikatar ayyuka za ta sake nema wa kuɗi a kasafi.

Jami'in da fayil ɗin gyara ya iso teburinsa ba sai ya taɓa riƙe sufana ba. Ya tambaya a wane yanayi ƙarar ke fita, me aka gani a maganaɗisu, ko an auna wasan da ke tsakanin haƙora da agogon awo, ko an shafa musu launi an ga inda suke haɗuwa. Ya nemi a kawo tsohon ƙarfen da aka cire. Idan kuma ya ga an rubuta sayen faifai kaɗai ba tare da dunƙulensa ba, ya mayar da takardar, domin tare ake ƙera su a masana'anta, tare kuma ake sauya su.